An Kwance Gidan Mai Ɗaure Gidaje

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, ƙasa ta girgiza a tsibirinmu na Linlahue, kuma Allah ya karɓi ran Don Liborio Nahuelquín Barría, kafinta, mijin yayata marigayiya Edelmira, mahaifin Erminda. Girgizar ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada ta da waɗanda muka saba gani a nan yankin tsibiran Chiloé. Kwanuka sun zubo daga kanta, ƙararrawar coci ta kaɗa kanta, kaji sun yi ta ihu. Gida ɗaya tak ya sauka daga kan ginshiƙansa a duk tsibirin. Naka ne, Liborio, kuma kana ciki.

Ni Clorinda Mansilla, ƙanwar matarka, tsohuwar malamar makarantar tsibirin nan, na so in rubuta maka irin abin da aka saba rubutawa: mutumin kirki ne, ya zauna da kowa lafiya, Allah ya jiƙansa. Duk gaskiya ne. Amma tun ƙasar kabarinka ba ta kwanta ba aka fara wata magana a bakin jirgin fito, wai ga shi nan, mai ɗaure gidaje ma nasa ya faɗi, ashe ƙarfen nan da ya dame mu da shi aikin banza ne. Maganar ta shiga gidaje, kuma har an samu waɗanda suka fara shiga ƙarƙashin ɗakunansu da sifana suna kwance abin da ka ɗaure. Saboda haka ka yi haƙuri da ni, ta'aziyyar nan ba za ta yi daɗin ji ba.

Bari in fara da abin da ba ka son a tuna maka: kai ma da can ba ka yarda a ɗaure gida ba. Wa ya yarda a cikinmu? Mun tashi mun tarar gida na katako yana zaune a kan duwatsu ko gungume, nauyinsa ne kawai ke riƙe da shi. In rijiya ta ƙafe, ko teku ta fara cin gona, ko tsohuwa ta so ta matsa kusa da ɗanta, sai a roƙi gayya, wadda muke kira minga. A cire tagogi, a tokare bango daga ciki, a zura dogayen gungume ta ƙasa, a ɗaura wa shanu sarƙa, a ja gidan ɗungurungum zuwa sabon wurinsa, ana kiɗa ana shan barasar tuffa. Kai ne gwanin shirya gida don ja. Ba a taɓa jin gidan da ka tokare ya buɗe a hanya ba, kuma kana ji da kanka a kan haka fiye da yadda ya kamata.

Sai ga wata injiniya, Ximena, yarinya ƙarama a lokacin, an turo ta daga birnin Castro a kan gyaran tsofaffin gidaje. A ajina aka yi taron, manyan maza sun cusa gwiwoyinsu a ƙarƙashin teburan yara. Ta ce dole a zuba ginshiƙan kankare, a dasa rodi mai zare a ciki, a ɗaure katakon ƙasan bango da noti. Kai ka fara miƙewa, hularka a hannu don ladabi, bakinka kuwa babu ladabi ko kaɗan.

"Señorita, mu nan saniya muke ɗaurewa da kwalekwale. Gida kuma ba ya gudu sai mun ce ya tafi."

Aka kwashe da dariya, har da ni. Ita ba ta yi gardama ba. Ta roƙe ka ka gina mata bango guda, mafi ƙarfi da ka iya, a filin bayan coci. Ka kafa firam, ka lulluɓe shi da filawud, ka jera ƙusa kusa da kusa a gefunansa yadda ta ce. Sannan ta sa aka kira Rosamel Ampuero, amininka, uban baftismar Erminda, mai shanun ja mafi ƙarfi a tsibirin, aka ɗaura sarƙa a saman bangon aka ja ta tsawonsa. Bangon bai karkace ba, ƙusa ko ɗaya ba ta fita ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗaga ƙafarsa ta baya, ya ja jiki, ya kife gaba ɗaya. Ta ce maka abin da girgiza ke yi ke nan: bango mai ƙarfi ba ya karyewa, ɗagawa yake yi ya bar wurinsa. Aka zuba ginshiƙan kankare, bayan simintin ya bushe aka sake gwadawa, an ɗaure ƙasan bangon, an sa ƙarfe mai kauri a kowace kusurwa yana danne shi. Shanun Rosamel suka yi nishi har kofatonsu ya nutse a ciyawa, bangon ko gezau. Rosamel ya yi dariyar yaƙe a ranar, kuma ban tabbata ya taɓa yafe wa bangon nan ba.

Abin da na fi girmama ka da shi ke nan, Liborio. Kana da furfura a lokacin, amma washegari ka je masaukin yarinyar nan ka ce ta koya maka. Ka koyi cewa rufi a bango yake kamawa, bango a daɓe, daɓe a ginshiƙi, kuma in wuri ɗaya ya saki sauran duk sun tashi a banza. Ka koyi cewa washa, faifan ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti, in ƙarama ce tana nutsewa a katako ta tsaga shi, sai mai faɗi. Ka koyi cewa iskar gishirin nan tamu tana cin ƙarfen da ba a yi wa rufi ba. Ka dawo gida kana zuba wa yayata wannan karatu a kan abinci har ta ce in ka ƙara ambaton noti za ta dafa maka shi da dankali.

Daga nan ka bi tsibirin gida-gida. Ba a karɓe ka da hannu biyu ba. An ce ka sayar da al'ada, an ce gidan da aka ɗaure kabari ne, an laƙaba maka suna Don Sifana, yara na bin ka da shi. Doña Brígida, gwauruwar da ke can gangaren arewa da jikokinta, da tsintsiya ta kore ka ranar farko, domin a ganinta in aka ɗaure gidanta ɗanta ba zai taɓa jan ta zuwa kusa da shi ba. Ba ka yi fushi ba. Lahadi bayan Lahadi kana zuwa, ka gyara mata ƙyaure, ka faskara itace, ka shanye mata shayinta na ganyen mate, har ta gaji ta ce ka yi abin da za ka yi ka tafi. A nan ne ka yi alkawarin da daga baya ka yi wa kowa: duk ranar da mai gida ya so a ja gidansa, kai da hannunka za ka kwance shi. Amma da sharaɗi ɗaya, wanda ka maimaita har muka haddace: ba a kwance gida sai shanu na tsaye a ƙofa.

Ba ka tsaya a ɗaurewa ba. Ɗanyen katako yana motsewa in ya bushe, noti ya yi sako-sako, don haka kowace shekara bayan haƙar dankali sai ka zagaya kana rarrafe a ƙarƙashin gidajen mutane, cikin kashin kaji da yanar gizo, kana ƙara matsewa. Sau da yawa ka tarar an cire washa an kai wa injin kwalekwale, ko an ɗauki noti an gyara amalanke. Ba ka taɓa tona asirin kowa ba. Sai ka zaro wani daga aljihu ka mayar, ka fito ka kakkaɓe jikinka, ka ce wai ɓeraye a wannan gida suna da haƙori. Edelmira ta mutu tana ƙorafin aljihunan wandonka da ƙarfe ke yagawa. Nawa gidan ma kai ka ɗaure shi, kana ƙasa kana ce mini in daina yawo a samanka, wai nauyina ya isa ya riƙe gidan ba sai da ƙarfe ba. Na yi maka alkawarin ramawa, ban samu dama ba.

Wannan rarrafen ne ya cinye maka gwiwoyi. Bayan rasuwar yayata ka zauna kai kaɗai a bakin teku, gangaren da ke tsakaninka da hanya ya fi ƙarfinka. Erminda ta ce a ja gidanka a kai shi tudu kusa da nata. Ƙauna ce ta sa ta, kuma ka yarda. Ta bi gidaje ta roƙi gayya kamar yadda ake yi, kowa ya amsa da murna. Rosamel ya ce shi zai jagoranta, wai ya daɗe yana jiran ranar da shanunsa za su ja gidan Don Sifana. Aka sa ranar wata Asabar.

Ana saura 'yan kwanaki, Erminda ta kai ka garin Achao, can tsallaken ruwa, a duba maka gwiwa. Kana tsallaka ruwa Rosamel ya zo da mutum biyu. Suka kwance notin duka, suka cire ƙarfen kusurwoyi, suka ɓamɓare filawud ɗin da ke riƙe da gajerun ginshiƙan ƙasa don gungume su samu hanya, sannan suka mayar da allunan da ke kare iska kamar ba a taɓa komai ba. Sun ce don su hutar da kai ne. Wataƙila haka ne. Amma na san Rosamel, kuma na san ya ji daɗin juya sifanar nan.

Da ka dawo, taku ɗaya ka yi a cikin ɗakin ka gane. Ka ce mini daɓen ya amsa maka da wata murya. Ka dogara sanda ka hau har gidan Rosamel, na bi ka a baya don kada ka faɗi. Muka same shi yana ba shanu ciyawa, notin da suka kwance daga gidanka na cikin bokiti a rataye can saman rumbu inda hannunka ba zai kai ba.

"Compadre, ba ni kayana," ka ce, da sunan da uba ke kiran uban baftismar 'yarsa.

"Haba, Don Sifana. Asabar ce fa. Gidan kakana ya shekara nawa a kan dutse, ya gudu?"

"Shanu ba sa ƙofata, Rosamel."

"To ga su nan, kalle su, sun ƙoshi. In na ba ka bokitin nan rarrafawa za ka yi, sai mun yi wata gayyar mun jawo ka daga ƙarƙashi. Je ka huta, tsoho."

Na sa baki, ya ce Malama ta yi ritaya amma har yanzu tana neman wanda za ta tsawata wa. Mutanen da ke wurin suka yi dariya. Kai ma ka yi murmushi, domin a nan ba a kushe aikin gayya. Wanda ya zo ya yi maka aiki don Allah, ba ka cewa ya yi ba daidai ba, balle ka warware abin da ya yi a idon jama'a, balle kuma uban baftismar 'yarka. Wannan kunyar tamu, wadda muke yabon kanmu da ita a gaban baƙi, ita ta ɗaure maka baki.

Asabar ta zo da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, aka ɗaga. Ta gaba, ɗaya daga cikin shanun ya yi targaɗe. Sai bikin waliyyin coci, sai wani aure a tsibirin da ke tsallake, wanda rabin masu jan suka tafi suka dawo ba sa ganin gabansu. Sai hunturu, wanda a nan lokacin sanyi ne da ruwan sama, ya kankama, gangaren ya zama taɓo, aka daina ma sa rana. Ka roƙi samari su shiga su mayar maka da ƙarfen ko na wucin gadi, kowa ya sunkuyar da kai ya ce, Kawu, ai an kusa. Babu wanda zai shiga ya gyara aikin Don Rosamel. Ka koma kwana a gidan Erminda, domin kai ka san abin da kake zaune a kai. Amma kullum da safe kana saukowa ka hura murhu, saboda gidan katako in ya rasa wuta a hunturu danshi ne ke cinye shi, kuma hotunan Edelmira da injin ɗinkinta suna ciki.

Kana gaban murhun ƙasa ta motsa. Gidan ya zame ta wajen teku, gajerun ginshiƙan suka kwanta, gefe ɗaya ya faɗa ƙasa. Murhun ƙarfen ya tsinke daga bututunsa ya taho ya danne ka a jikin bango. Kafin a kawo maka ɗauki ka cika.

Na je wurin washegari da sassafe, na durƙusa da tsofaffin gwiwoyina na duba. Bangwayenka suna nan lafiya, ko allo ɗaya bai tsage ba. Rodin da ka dasa suna tsaye a cikin kankarensu, a miƙe, tsirara, zaren kansu ko ƙwarzane babu. Ƙarfen da ya yi kokawa ya gaza lanƙwashewa yake yi, ko ya tsinke, ko ya fizgo katako a bakinsa. Waɗannan ba su yi kokawa da komai ba, domin babu abin da suke riƙe da shi. Duk mai shakka ya sauka ya gani, ban hana kowa ba.

Ranar jana'izarka hanya ba ta biyuwa, don haka aka ɗora akwatinka a kan katakon ja, shanun Rosamel suka haura da kai maƙabarta. Shanun da suka rasa ranar jan gidanka sun samu ranar jan gawarka, a kan gangaren nan dai, cikin taɓon nan dai. Mai jan addu'ar coci ya ce kowa da lokacinsa, Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa. Ban musa ba. Amma ba Ubangiji ne ya rataye bokiti a saman rumbu ba. Rosamel ya yi kuka har sai da aka riƙe shi, kuma na yarda kukan gaske ne. Da aka zauna cin abinci na ja shi gefe, na ce ya miƙe ya gaya wa mutane cewa gidan a kwance yake.

"Clorinda, me zai ƙara? Zai dawo da shi?"

"Ba zai dawo da shi ba. Zai bar sauran gidajen a ɗaure."

Ya kalli ƙasa, ya ce in bari ya samu natsuwa tukuna, zai yi magana ranar Lahadi. Lahadin ta wuce, ta gaba ma ta wuce. Na taɓa jin irin wannan alkawari daga bakinsa, sai dai wancan na Asabar ne.

Waɗanda suka san gaskiya sun yi gum, don kada a ce gayya ta kashe mutum. Waɗanda ba su sani ba su ne masu baki, da waɗanda suka sani amma ɗayan labarin ya fi musu daɗi, domin dama washa mai faɗi tana da amfani a kwalekwale. Shekaranjiya Doña Brígida ta tare ni a ƙofar coci, ta kama hannuna, idonta cike da ƙwalla. Ta ce, "Malama, ashe yaudarata ya yi? Na bar shi ya huda mini gida, ga shi nasa ma bai tsaya ba." Ɗanta ya riga ya cire ƙarfen kusurwa biyu. Na gaya mata abin da na gani da idona. Ta ce in da haka ne ai Don Rosamel zai faɗa, mutum ne mai tsoron Allah. Jikokinta a ɗakin da ke wajen gangare suke kwana.

Erminda ta roƙe ni kada in rubuta wannan. Ta ce, "Inna, ni na roƙi gayyar. In aka tona, ni ma ina ciki." Na ce mata roƙon a matsa da uba kusa da 'yarsa ba laifi ba ne, kuma babu mai hankalin da zai ɗora mata. Ta ce uban baftismarta ne, shi kaɗai ya rage mata da za ta kira Baba. Na san zan rasa gaisuwar wasu bayan wannan rubutu, wataƙila har da tata na ɗan lokaci, kuma abin yana mini ciwo. Amma ba zan zauna ina kallo a kashe ka sau biyu ba, Liborio, a kuma yi amfani da gawarka a kwance gidajen da ka lalata gwiwoyinka a ƙarƙashinsu.

Allah ya jiƙanka, mijin yayata. Ubangiji ya gafarta maka kurakuranka, har da taurin kanka da kunyar da ta hana ka ɗaga murya a ranar da ya kamata. Ya karɓe ka cikin salamarsa, ya sada ka da Edelmira, ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba. Ya saka maka da alheri a kan kowane yaro da ya fito daga gidansu a ranar Talatar nan yana kuka don tsoro kawai, ba don rauni ba.

Ina yi wa Erminda ta'aziyya, da mijinta, da 'ya'yanta, da dukan dangin Nahuelquín da Barría na nan da na Punta Arenas. Allah ya ba ku haƙuri. Ina yi wa Rosamel Ampuero ta'aziyyar amininsa, Allah ya sassauta masa abin da yake ɗauke da shi, ya kuma buɗe masa baki tun da sauran amfani. Ku kuma da kuke ƙarƙashin gidajenku da sifana a wannan makon, na tsufa, ban san ko zan kai girgiza ta gaba ba, kuma ba na son a ce Clorinda ta bar duniya da bashin gaisuwa. Don haka ku karɓi taku ta'aziyyar tun yanzu, ta 'ya'yanku da jikokinku. Allah ya sa in yi asararta, kada ranar amfaninta ta zo.